Filashin Ranar Juma'a

Mahaifina Ayuba Shekari ya yi shekara ashirin da shida a tsaye gaban injin saƙa a wata masaƙa da ke Kakuri, kuma abu biyu ya fito da su daga can: kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da aboki ɗaya, Malam Mamman mutumin Malumfashi. Kunnen da shi ya tafi kabari. Abokin kuwa ni na raba su, ni Lydia 'yarsa ta fari. Labarin da zan bayar ke nan, don na gaji da jin mata a coci suna yabona wai na riƙe tsohona da kyau.

Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa. Daga wani ƙauye bayan Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi. Mutane suna cewa maƙo gare shi, ni kuwa da na tashi a hannunsa na san ba maƙo ba ne tsantsa, don ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yan ƙannensa uku ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ba ya jurewa shi ne ya biya abin da bai mora ba. Gutsuren sabulu liƙa shi yake yi a jikin sabo. Rediyo kuwa da an gama labaru yake kashe ta, ko da an sako waƙar da yake so, wai ba don kiɗa ya sayi batir ba.

A ɗakin saƙa ba a jin magana. Ko a kunnen mutum ka yi ihu sai ya ce ka maimaita. Injin Baba da na Baba Mamman suna kallon juna, saboda haka da hannu suka ƙulla abotarsu. Ɗaga yatsa ɗaya, lafiya lau ke nan. Shafa ciki, lokacin abinci ya yi. Taɓa hula, ga sufabaiza nan tafe. Har a gida haka suke. A layi ɗaya muke haya, can ƙarshen Kakuri gab da Makera, kuma sai su zauna a benci ƙofar gidanmu awa guda ba su yi magana goma ba, amma kowa ya tashi yana murmushi kamar an sha hira. Baba Mamman yana ce wa Baba "Fasto", shi kuma yana ce masa "Liman", alhali daga mai gyangyaɗi a coci sai mai zuwa masallaci a sahun baya. Duk Kirsimeti Baba Mamman ne ke yanka mana akuya, don iyalinsa su ci ba tare da shakka ba.

Shekarar da soja suka koma bariki Baba ya sayi jarida, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce yanzu masaƙu za su farfaɗo. Ba a yi shekara ba rikici ya tashi a garin nan. Ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya zauna Kaduna a lokacin yana da nasa labarin. Da abin ya lafa kowa ya fara neman inda nasa suka fi yawa, Baba Mamman ya kwashe iyalinsa ya ƙetare gada zuwa Tudun Wada. Baba ne ya ɗora keken ɗinkin matarsa, Inna Jummai, a bayan akori-kura. Da motar za ta tashi, yatsa ɗaya kawai ya ɗaga, shi ma ya ɗaga masa. Bayan shekara biyu masaƙar ta rufe, sai ya zama ko a bakin aiki ba sa haɗuwa. Baba ya koma noman alayyahu a bayan Trikania, Baba Mamman kuma ya kafa tebur yana sayar da guntayen yadi.

Daga Kakuri zuwa Tudun Wada bai kai rabin awa a bas ba. Amma a shekarun nan ba a ƙetare gadar sai da dalili mai ƙarfi, kuma kewar aboki ba ta cikin dalilan da nake karɓa. Tun rasuwar Mama ni ke riƙe da gidan, kuma bakina ba shi da linzami. Sau ɗaya Baba ya je, ya dawo kafin la'asar, na yi ta masa mita har ya ce ya ji, ba zai ƙara ba.

Ana nan wayar salula ta shigo. Na haɗa 'yan kuɗina na sayi layin waya da tebur da babbar lema, na kafa a mahaɗar Makera ina sayar da kira. Ƙanena Dauda da ke aiki a Fatakwal ya aiko wa Baba tasa wayar, wata ƙatuwa mai nauyi kamar dutsen guga. A lokacin kamfanonin waya minti-minti suke caji, naira hamsin, kuma ko daƙiƙa ɗaya ka ɗora a kan minti an ci maka biyu. Wannan ya tsaya wa Baba a rai ƙwarai. Kafin ya kira kowa sai ya bita maganar a bakinsa sau biyu, ya cire agogonsa ya ajiye a gwiwa, sannan ya danna. Daƙiƙa hamsin da biyar na cika yake kashewa, ko da wa yake magana. Ya taɓa katse Rabaran ɗinmu yana tsakiyar yi masa addu'a, ya mayar da wayar aljihu, sannan ya ce "Amin" da ƙarfi. Da aka fara cajin daƙiƙa ma bai yarda ba, ya ce dabara ce.

Da Baba Mamman ya samu waya ta hannu, sai suka gano abin da ya dace da su, wato filashin: ka kira, wayar ta yi ƙara sau ɗaya, ka kashe kafin a ɗauka, ba a ci maka ko kwabo ba. Mu matasa muna yi ne don a kira mu. Su kuwa magana ce cikakkiya. Duk Juma'a wajen biyu da rabi, in an sauko daga masallaci, wayar Baba za ta yi ƙara sau ɗaya. Sai ya miƙo min, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, in ce, "Liman ne." Ya gyaɗa kai ya mayar aljihu. Duk Lahadi in mun taso daga coci shi ma ya rama. Ƙarshen wata ne kawai suke yin kira na gaske, shi ma rabinsa gaisuwa, rabi kowa na cewa "Me ka ce?" Ina yi musu dariya, amma na lura ranar Juma'a Baba ba ya zuwa gona, a bencin lemata yake wuni.

Cikin watan Kirsimeti na 2004 abin ya faru. Na tafi kasuwa sayen katin waya, na bar Baba yana min gadin tebur, sai saƙo ya shigo wayarsa da Turanci. Wani mai jiran kira ya karanta masa: wai lambarsa ta ci sabon babur, ya kira wata lamba yanzu-yanzu ya karɓa. Baba ya kira. Muryar wata mata ta yi masa barka, ta ce ya dakata kada ya kashe, aka sa masa kiɗa. Can ta dawo ta ce saura kaɗan, aka sake sa kiɗa. Mutumin da ke katse addu'a ya riƙe waya a kunnensa mai ji har ta mutu don kanta. Irin lambobin nan ne da ke zuƙe kati ninki-ninki, kuma katin dubu da ɗari biyar da Dauda ya turo masa na biki bai yi minti goma ba.

Da na dawo na ji, sai na wanke shi tas a gaban mutane. Na ce shi da yake ƙirga daƙiƙa wa Rabaran, yau ga shi ya yi wa ɓarayi Kirsimeti. Na tambaye shi yaushe ya shiga gasa da har zai ci babur, kuma ina za shi da babur da wannan gwiwar tasa. Masu jiran kira suna ta ƙunshe dariya. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Na ce ko zan riƙa leƙa Liman ne, in je in dawo kafin ki sani." Ko wannan bai sa na yi shiru ba. A nan na kafa masa doka: lambar da ba ta da suna a wayarsa, kada ya kira, kada ya ɗauka. Ya ce ya ji, kuma Baba in ya ce ya ji to ya ji.

Wajen watan uku na sabuwar shekara wata Juma'a ta wuce wayar ba ta yi ƙara ba. Baba ya ce ƙila caji ne ya ƙare, don a lokacin sai a kwana uku ba wuta. Ran Lahadi ya yi nasa filashin, aka ce wayar a kashe take. Juma'a ta biyu ma shiru. Ya kira da gaske, ba ma ƙarshen wata ba, har sau uku, amsa ɗaya. Ya ce zai ƙetara ya dubo shi, na ce ya bari tukuna, ana ta raɗe-raɗin za a sake tashin hankali. Ba a yi komai ba, amma kullum akwai raɗe-raɗin da zan kafa hujja da shi.

A Juma'a ta biyar, biyu da rabi ta ɗan gota, wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Baba ya zabura ya miƙo min. Na duba, lamba ce tsirara, ba suna.

"Ba shi ba ne," na ce.

"Amma lokacinsa ne, Lydia."

"Baba, mutanen nan ba su da lokaci. Sun ɗanɗana katinka, dole su dawo."

Bai yi musu ba. Juma'ar da ta biyo baya lambar ta sake yi, sau ɗaya, a daidai lokacin. Ta ukun ma haka. Ranar ce ya matso kusa da teburina, ya rage murya don kada masu kira su ji, ya ce, "Ke da kike da wayar sana'a, ki ɗan gwada mana. In muryar matar nan ce ki kashe da sauri. Ni zan biya."

Na ce to, in layi ya ragu. Layi bai ragu ba sai yamma, ni kuma na gaji, kuma a raina na riga na yanke cewa ni ce mai gaskiya. Kira ɗaya ne, bai kai kuɗin ƙosan safe ba, kuma a ranar na danna wa baƙi lambobi sun fi hamsin. Muna naɗe lema ya tambaye ni ko na gwada. Na ce, "Na kira, Baba. Ita ce, har da kiɗan." Ban san lokacin da maganar ta fito ba, amma ta fito sumul, kuma na ji daɗin yadda ta kashe zancen.

Ya gama ɗaure lemar. Sannan ya ce, "Ashe har ranar sun sani. Allah ya shirye su."

Don kada ya ƙara damuna, na karɓi wayar na adana lambar da suna. Na rubuta ƁARAWO da manyan baƙaƙe, na nuna masa har ya gane siffar rubutun. Daga nan duk Juma'a in ta yi ƙara sai ya duba da kansa, ya yi tsaki, ya mayar aljihu. Har ya fara ba mutane labari a benci, yana alfahari cewa wata biyar suna binsa bai faɗa ba. Zancen Baba Mamman kuwa ya rage yi. Sau ɗaya dai na ji yana ce wa wani tsohon abokin aikinsu, "Ƙila ya koma Malumfashi. Da dai ya faɗa min." Na san abin yana cinsa, na yi kamar ban gani ba.

Wata Talata da safe cikin watan tara, lambar ta kira, ba filashin ba, ƙara har ta katse. Ta sake kira, ta sake, sau huɗu. Baba yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, ya ce, "Yau kuma sun matsu." Muka yi dariya ni da shi.

Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar Asabar, wata mata da hijabi ta sauka daga bas ta nufo lemata. Sai da ta zo gab na gane Hafsat ce, autar Baba Mamman, wadda na sha goyawa tana jaririya. Na miƙe da murna zan rungume ta, amma ba ni take kallo ba. Baba take kallo a benci, ta tsaya cak.

"Baba Ayuba," ta ce, "ashe kana nan da ranka."

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan kuka ya ƙwace mata. Da ƙyar ta iya ba da labari. Tun watan uku Baba Mamman ya faɗi a bakin teburinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. A cikin rububin ɗaukarsa wayarsa ta ɓace. Wata guda yana asibiti. Da aka dawo da shi gida magana ba ta fita sosai, amma ranar Juma'a ta farko ya yi ta nuna wayar Hafsat har ta ba shi. Da hannun hagu ya danna lambar Baba, daga ka, ya bari ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe. Ran Lahadi kuma ya sa aka ajiye masa wayar a kan filo tun safe.

"Na ce masa bari in kira in yi bayani," in ji Hafsat, "sai ya hana ni da hannu. Ba ya so ka ji yadda bakinsa ya koma. Ya ce Fasto ya san alamar. Ni kuma, ka yafe min Baba, a raina na ɗauka kun yanke mu ne tun da muka ƙetare, shi ya sa ban matsa ba. Shi bai taɓa yarda da haka ba. Daga baya cewa ya yi ko dai ka rasu ne muke ɓoye masa. Ya yi ta yi mana fushi a kan haka. Amma bai fasa ba, har Juma'ar ƙarshe."

Ranar Talatar nan da asuba ya cika. Hafsat ce ta yi ta kira don Baba ya samu jana'iza. Da aka share makoki Inna Jummai ta ce mata ta daure ta ƙetara Kakuri, in Ayuba ya rasu ne ta yi wa iyalinsa gaisuwa, don haƙƙin zaman tare.

Baba bai yi kuka ba. Ya tambaye ta a hankali, "Da wace lamba?" Ta ciro wayarta ta danna. Aljihun Baba ya ɗauki ƙara. Ya ciro wayar ya riƙe a tafin hannunsa, mu uku muna kallon abin da na rubuta, har ta gaji ta yi shiru. Hafsat ta yi makaranta, ta karanta sarai, amma ta kawar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba, kuma ba na jin zan ƙara ji.

Sai Baba ya juyo gare ni. Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai ta mai son ya fahimta.

"Lydia, ranar da kika kira, wa ya ɗauka?"

Akwai mutum biyu a benci suna jiran kira. Na so in ce ƙila lamba na kuskure, kuma na san da na faɗa zai karɓa, don ya fi son haka. Amma Hafsat tana durƙushe a gabansa. Na ce, "Ban kira ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in shiga gida in ɗauko masa rigarsa ta coci da hula. A nan bakin titi ya sa su, ya bi Hafsat suka tsayar da bas. Na ce zan raka su, ya ce a'a, in zauna, masu kira suna jira. Sai bayan magariba ya dawo, kuma a karon farko ban ce masa komai ba a kan ƙetare gada.

Daga baya yakan je Tudun Wada duk wata, ya gaida Inna Jummai, ya kai mata alayyahu. Sana'ar lema ta mutu da kanta da waya ta zama ruwan dare, na koma sayar da kayan miya. Baba ya ƙara shekara shida a duniya, a ɗaki ɗaya da ya saba, ni ke dafa masa, ni ke kai shi asibiti, kuma ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe ɗin, don yana cin abincina yana sa min albarka. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Sai dai tun daga ranar, in wayarsa ta yi ƙara yana neman mai duba masa, ko ina zaune kusa da shi, sai ya dafa bango ya miƙe da gwiwar nan tasa, ya fita tsakar gida ya miƙa wa Celina, matar maƙwabcinmu.